Gejin Mai Ya Lalace: Abin Da Ya Kamata A Saya Da Wanda Ba Sai An Saya Ba

Idan allurar gejin mai ta maƙale a wuri ɗaya, ko ta riƙa hawa da sauka ba tare da dalili ba, masu mota da yawa sukan garzaya kasuwa su sayo famfon mai na cikin tanki gaba ɗaya, wanda galibi na'urar auna mai ke haɗe da shi, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai kai rabin kuɗinsa ba. Gejin yana aiki ne da sassa uku: na'urar auna mai da ke cikin tanki, wayoyin da ke ɗauko saƙonta, da kuma allurar da ke gaban direba. Na'urar cikin tankin wani ƙwallo ne mara nauyi da kanikawa ke kira fulot, wanda ke yawo a saman mai, yana haɗe da siririn ƙarfe mai goga wani faranti, kuma wannan gugar ce ke sauya ƙarfin turjiyar lantarki gwargwadon yawan man.

Kafin a fitar da ko kwabo, ya kamata mai gyaran wayarin ya duba fiyus da wayar at, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, domin tsatsa a mahaɗar waya kaɗai tana iya sa allura ta yi ƙarya. Motocin da ke karɓar na'urar bincike sukan nuna lamba daga P0460 zuwa P0464 idan matsalar tana layin auna mai. Bayan haka sai a cire fulot a ɗora masa mitar auna turjiyar lantarki, a riƙa ɗaga hannunsa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Idan lambobin suna sauyawa a jere, lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri. Idan kuwa suna tsalle ko suna ɓacewa a tsakiya, farantin ya cinye.

Zaɓi mafi arha shi ne gyara fulot ɗin da ke jikin motar. Sinadarin sulfa da ke cikin fetur yakan bar datti a kan farantin, kuma wankewa a hankali tana iya dawo da shi aiki, haka ma hannun da ya lanƙwashe ana iya miƙe shi. Sai dai idan layukan farantin sun goge, wanki ba zai hana matsalar dawowa bayan 'yan makonni ba.

Sayen sabon fulot shi kaɗai, a ganina, shi ne ya fi dacewa da mafi yawan mutane, muddin famfon yana da lafiya kuma ana sayar da fulot ɗin daban. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin kowane kamfani yana da ma'auninsa. Tsofaffin motocin Toyota da yawa suna ba da kusan om 3 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) idan tanki ya cika da kusan 110 idan babu mai, tsofaffin motocin General Motors kuma suna tashi daga 0 a tanki wayam zuwa 90 a cike, wato akasin na Toyota, yayin da gejin kamfanin VDO na Turai ya saba da 10 zuwa 180. Fulot ɗin da ya shiga ramin tanki daidai amma ma'auninsa ya saɓa zai sa allura ta nuna rabi alhali man ya kusa ƙarewa. Saboda haka lambar kayan ko lambar shasin motar ce abin dogaro, ba kamannin ido ba. Na kamfanin asali ya fi tsada, amma ya fi na kwaikwayo daɗewa da daidaito.

Kayan Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas suna da nasu amfani, tunda galibi na asali ne da aka ciro daga wata motar. Illarsu ita ce sun riga sun sha guga, kuma wanda ya daɗe a ajiye a bushe yakan yi tsatsa. Mai saye ya je da mita ya gwada a gaban mai shago, ya kuma nemi sharaɗin mayarwa kafin ya biya.

Famfo gaba ɗaya ba ya zama dole sai idan fulot ɗin a manne yake da shi, ko kuma famfon ya fara kuka da jinkirin tayar da mota, domin a lokacin buɗe tanki sau ɗaya ya fi sau biyu sauƙi, musamman a motar da ba ta da murfi a ƙarƙashin kujerar baya, wadda sai an sauke tankinta. Ko wanne aka zaɓa, a haɗa da sabuwar robar bakin tanki, in ba haka ba warin fetur zai cika motar. Wasu motocin masu tanki mai ɓangare biyu, irin BMW, fulot biyu gare su, don haka a tabbatar da wanda ya mutu.

Canza allon mita da ke gaban direba shi ne na ƙarshe, domin ba kasafai laifin ke zama nasa ba, kuma wanda aka ciro daga wata motar yana zuwa da lissafin kilomitocinta, a wasu motocin ma sai an daidaita shi da kwamfutar mota kafin injin ya tashi. Wanda bai shirya gyara yanzu ba yana iya cika tanki ya mayar da ma'aunin tafiya sifili yana lissafi, amma kada ya bari man ya riƙa ƙarewa ƙaf, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke nutse a cikinsa.