Siminti ko roba? Amsa ga ɗan'uwan da zai yi ɗan rafi a gidansa

Assalamu alaikum jama'a. Malam da ya yi tambaya kan yana son ya yi ɗan ƙaramin rafi na ado a bayan gida, tsawon kamar mita 5, da kansa ba tare da ya ɗauko kamfani ba, yana tambaya wanne ya fi tsakanin ya zuba siminti ko ya shimfiɗa roba, sannan me zai shuka a gefe. Toh Malam ni dai roba zan ce maka, amma bari in jera maka su gefe da gefe ka auna da irin ƙasar gidanka.

Siminti abin da ya fi roba da shi shi ne samuwa. Ko'ina akwai shi, birkila na unguwa ya san hannunsa, kuma kaza ko akuya ko yaro da ƙusa a hannu ba wanda zai huda shi. Amma ba filasta kawai ake shafawa a rami ba kamar yadda wasu ke yi, kankare ne sosai, siminti 1 yashi 2 tsakuwa 4, kauri kamar santimita 10 da waya a ciki, sannan filasta mai maganin hana yoyo a sama, ka yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Bayan nan ma sabon siminti yana sakin wani kaifi a ruwa da yake kashe kifi ya ƙona saiwar shuka, shi yasa masu kiwon tarwada suke cika sabon tanki su zubar sau da yawa kafin su saka kifi. Babbar matsalar ita ce tsagewa. In ƙasar gidanka laka ce, irin wadda take kumbura da damina ta dare da rani, to rafi abu ne dogo siriri, gefe ɗaya ya motsa ɗaya bai motsa ba, sai ka ga tsaga kamar zare, kuma wannan 'yar tsagar ta isa ta shanye maka ruwa kullum ba ka san ta ina ba. Kana liƙewa tana komawa wani wajen. In ƙasar marmara ce mai tauri kuwa siminti zai iya zama lafiya shekara da shekaru.

Roba kuma tana bin ƙasa duk inda ta motsa, kuma za ka iya lanƙwasa rafin yadda ka ga dama, in bai yi maka ba ka ɗaga duwatsu ka gyara, in gidan haya ne ka naɗe abarka ka tafi. Sai dai roba iri iri ce. Mai kyau ita ce EPDM, baƙa mai kauri kamar milimita 1, tana miƙewa, tana jure rana, tana wuce shekara 20. Akwai ta PVC mai rabin milimita, ta fi araha amma duk inda rana ta same ta bushewa take ta karye. Tamfol ɗin kiwon kifi mai kauri shi ne zai fi maka sauƙin samu kuma yana yi, in dai ka rufe shi ruf da tsakuwa da duwatsu, amma kar ka yarda da baƙar ledar da magina ke shimfiɗawa kafin a zuba kankare, ba za ta yi ko damina ɗaya ba. Rauninta a fili yake, huda. Dole ka tsince duk wani dutse mai kaifi da saiwa da kwalba, ka zuba yashi mai laushi kamar santimita 5, ka ɗora tsohon kafet, sannan roba. Ka siya falle ɗaya dogo, kar ka yi haɗi a tsakiya, kuma gefen ya ɗago sama da ruwa ko'ina. Yawancin yoyon da ake cewa roba ta huje ba huda ba ce, gefe ne ya sauka a wani lungu ruwa yana sulalewa ta bayan dutse.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da na fi so: roba a ƙasa, sai ɗan siminti kaɗan a samanta wajen da ruwa ke zubowa don ya riƙe duwatsun, ya kuma tilasta ruwa ya bi ta saman dutse ba ta ƙarƙashi ba.

Amma gaskiya Malam ko wanne ka zaɓa, abin da zai sa ka ji daɗin rafin nan ko ka gaji da shi a wata biyu shi ne famfo da ma'ajiyar ruwa ta ƙasa. Ruwan zagayawa yake, famfon da ake nutsarwa cikin ruwa yana tura shi ta tiyo zuwa sama, ya gangaro ya dawo. Gangaren ba sai mai yawa ba, santimita 2 zuwa 5 a kowace mita ya wadatar, ka auna da tiyon nan mai haske da birkiloli ke auna lebur da shi, kuma ka yi shi hawa hawa, ɗan kwarmi sai 'yar zuba, don in famfo ya tsaya kwarmin ya riƙe ruwa. Faɗin santimita 30 yana son famfo mai tura lita 3,000 zuwa 4,000 a awa, ka duba jikin kwalin domin iya tsayin da zai tura ruwa iya raguwar ƙarfinsa. Sai lissafin da mutane ke mantawa: tsawon mita 5 sau faɗin mita 0.4 sau zurfin mita 0.05 lita 100 kenan a kan hanya, da an ɗauke wuta duk ƙasa za su dawo, in ramin ƙasa ƙarami ne ya yi ambaliya, in an kawo wuta kuma famfo ya zuƙe shi ya koma jan iska ya ƙone. Ka yi shi ya ɗauki ninki uku, lita 300 ko fi. Da bazara a arewa rana da iska suna iya shan kusan santimita 1 a yini, a rafi irin naka kusan jarka guda ta 'yan garuwa kenan kullum, ka saka wannan a kasafinka tun yanzu. Da hunturu kuma ƙura da ganye, saboda haka ka nisanci gindin darbejiya da mangwaro, ga zubar ganye ga saiwa mai ɗaga siminti mai ture roba.

In da ƙananan yara a gidan kar ka bar ramin a buɗe, ruwa kaɗan ma yana halaka yaro. Ka binne durom ko tanki, ka ɗora ragar ƙarfe mai ƙarfi ka zuba tsakuwa a kai, ruwa ya ɓace cikin tsakuwa. Kuma famfo mai bolt 12 ko 24 na sola ya fi kwanciyar hankali kan jan wayar NEPA zuwa bakin ruwa. Sauro ba ya son ruwa mai gudu, amma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo, don haka kar famfo ya kwana biyu uku a kashe.

Wajen shuka nan ma roba ta fi, domin za ka iya yin ɗan aljihu a gefe ka zuba ƙasa ya zama fadama, a siminti kuwa sai dai tukwane. Gwaza yana son ƙafarsa a jiƙe kuma ganyensa manya suna ba wajen kyau sosai. Jema tana riƙe gaɓa, na'a-na'a tana yi amma a tukunya in ba haka ba ta mamaye ko'ina. Bado ba ya son ruwa mai gudu, sai a kwance mai zurfin santimita 30 zuwa 60, wato sai in ka bar tafkin ƙasa a buɗe. Kainuwa tana toshe famfo. Kachala kam kar ka kusance ta ko kyauta aka ba ka, duk wanda ya san yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ba zai kawo ta gida ba, saiwarta ma tana iya huda roba. Kar ka sa takin zamani ko kashin kaji kusa da ruwan, kore zai yi cikin kwanaki. Tsakuwa kuma ta kogi mai santsi za ka nema, wadda inji ya fasa kaifi gare ta, ka wanke ta sosai kafin ka zuba.

Ka tona ɗan rami ka jiƙa ƙasar ka murza a hannu, in ta yi danƙo ta mulmulu laka ce, ka manta da siminti. Ka turo mana hoton wajen da inda inuwa take faɗawa da rana tsaka sai mu ga ta ina ya kamata ruwan ya faro.