Hayar Hawiya ko Kiran Dina: Wanne Ya Fi Sauƙi ga Ƙaramin Ɗan Kwangila a Jidda?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kai da yaranka huɗu kuna gyaran gidaje a Jidda, kamar fasa banɗaki da sauya tayil, kuma kuɗin kwashe ɓaraguzai yana cinye maka riba, shi ya sa kake tambaya ko ka koma hayar hawiya ko ka ci gaba da kiran masu dina, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya. Na yi aiki da duka biyun, kuma a ganina tsawon aikin da nauyin kayan su ne ke raba gardama.

Hawiya, wato akwatin ƙarfen da kamfani ke ajiyewa a ƙofar gida, an fi samun mai yadi 12 da mai yadi 20, kimanin mita kubik 9 da 15 ke nan. Kuɗinta na kwanaki ne ƙayyadaddu, ko ka cika ta ko ba ka cika ba, don haka asara ce ga aikin yini biyu. Amma idan aikin zai kai mako, ita ce ta fi araha, domin lebura yana juye baro a cikinta kai tsaye, ba a ɗaukar kaya sau biyu, kuma kana da takardar yarjejeniya da za ka nuna wa ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari. Aibinta shi ne maƙwabta: ka bar ta rabi da magariba, ka dawo da safe ka tarar da tsohuwar katifa da ledojin ragowar shinkafa a ciki. Ka sayi tamfol ka riƙa ɗaure bakinta.

Ita kuwa dina sawu ake biya, ana ciniki, kuma tana shiga lungun da motar hawiya ba za ta iya juyawa ba. Sai dai kankare yana da nauyin kusan tan 2.4 a kowace mita kubik, ita kuma tan 3 ko 4 take ɗauka, saboda haka tarin da kake gani sawu ɗaya ne sai ya zama uku. Ka haɗa da ladan masu ɗurawa a buhu da masu lodi, kada kuma ka manta an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Babban haɗarin dina yana inda direba zai zubar. Tun dokar sarrafa shara ta 2021, mai jigilar irin wannan kaya yana buƙatar lasisi, kuma cibiyar sarrafa shara ta ƙasa, wato MWAN, ce ke kula da wannan fanni. Na taɓa ba wani direba mai sauƙin farashi kaya, ashe a wani fili bayan unguwa ya juye su, har da kwalayen tayil masu ɗauke da lambar gidan da muke aiki. Wani ya kira 940, lambar kai ƙorafi ga baladiyya, tara ta biyo mai gida, shi kuma ya cire ta daga kuɗina, sannan na sake biyan mota ta kwashe. Arha ba ta ado. Tun daga ranar ba na cika wa direba kuɗinsa sai ya kawo shaidar cewa ya sauke a jujin da Amana, babbar hukumar birnin Jidda, ta amince da shi.

Ko wanne ka zaɓa, rarraba kaya ne ke rage kuɗi da gaske. Rodi, alminiyom, wayar tagulla da tsohon mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) masu sikirab, wato 'yan gwangwan, suna saye da kilo ko da ciniki, ƙofofi da tagogi masu kyau kuma suna da kasuwa a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, amma ka nemi izinin mai gida tukuna, domin dukiyarsa ce. Fasasshen bulo mai tsabta wani magini zai iya karɓa don ciko idan injiniyansa ya yarda, ban da jibs, farin filastan silin, wanda ke jiƙewa ya lotsa.

Don haka banɗaki ɗaya ko kicin, ka kira dina mai lasisi. Shaƙƙa guda, wato fulat, ko rushe katanga, ka ɗauki mai yadi 12, ka sa a kawo ta ranar da za a fara fasawa, sannan ka rubuta kuɗinta a layi dabam cikin takardar kwangila, mai gida ya gani tun kafin ya sa hannu.