Kafin Ka Zaɓi Rumbun Aikin Wasanka, Duba Yadda Yake Rufe Ƙofa

Duk ƙungiyar da ke haɗa wasan kwamfuta, ko mutum biyu ne kacal, wata rana sai ta nemi rumbu guda da kowa zai riƙa zuba aikinsa yana ɗiban na ɗan'uwansa: mai zane da hotunansa, mai kod da gyare-gyarensa, mai sauti da nasa. Yawancin masu nema farashi suke tambaya da yawan gigabait. Ni tambayata ta farko daban ce. Ranar da manhajar ta ce an hana ka shiga, wa zai buɗe maka, kuma awa nawa za ku yi kuna zaune babu aiki?

Hana shiga ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai rarrabe ba zai yi ta sauya kalmar sirri alhali matsalar tana can kan hanya. Wani lokaci ko isa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ba ka yi ba. A Windows, lamba 10060 na nufin an jira amsa har lokaci ya ƙare, 10061 na nufin an isa na'urar amma babu manhajar da ke saurare a wannan ƙofa (ƙofa a nan lamba ce da saƙo ke bi ya isa manhaja), 10013 kuwa kwamfutarka ce da kanta ta hana, sau da yawa katangar tsaro (firewall) ko ƙofar da tsarin ya keɓe wa kansa. Wani lokaci ka isa amma sabar ba ta gane ka ba. Wani lokaci kuma ta gane ka sarai, izini ne ba a ba ka ba. Da wannan ma'auni na auna zaɓuɓɓukan nan.

Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren fayiloli, shi ne wanda kusan kowa ke farawa da shi. Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005 domin kod, kuma a kan kod babu kamarsa. Idan da Godot kuke aiki (injin haɗa wasa ne, kamar Unity da Unreal), inda fayilolin fage rubutu ne da ido ke iya karantawa, to Git a kan GitHub ko GitLab, shafukan da ke ajiye rumbunan Git a intanet, ya ishe ku, ba sai kun sayi komai ba. Hana shigarsa kusan duka na shaida ne. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen tura aiki, sai da lambar izini ta musamman ko makullin SSH, wato fayil ɗin shaida da ke kan kwamfutarka. Saboda haka in ka ga “Permission denied (publickey)”, makullin ne ba a ɗora a asusun ba, ko kwamfutar tana miƙa wani daban. Umarnin ssh -T git@github.com zai faɗa maka da sunan wa aka gane ka. In kuma cibiyar sadarwar makaranta ko ofis ta toshe ƙofa ta 22, akwai ssh.github.com a ƙofa ta 443. Wani abin da ke ruɗa sababbi: rumbun sirri da ba a sa ka ciki ba, cewa zai yi bai wanzu ba. Haka ma kod ɗin Unreal Engine yake nuna 404, wato babu shafin, ga wanda bai haɗa asusunsa na Epic, kamfanin da ke yin Unreal, da na GitHub ya karɓi gayyata ba.

Alherin Git shi ne dukan tarihin aikin yana kan kwamfutarka, don haka ko an rufe maka ƙofa yau, kana ci gaba da aiki, gobe ka tura. Rauninsa manyan fayiloli. GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100 kai tsaye, sai ta Git LFS, ƙarin manhaja na manyan fayiloli da ya fito a 2015, shi kuma yana da ma'aunin ajiya da na saukewa. In ma'aunin ya cika, hotuna da sautuka su tsaya cak, mai zane ya ɗauka an kore shi ne.

Perforce, wato P4 da a da ake kira Helix Core, shi ne na manyan kamfanonin haɗa wasanni, kuma da shi Epic ke aiki. Dalilin a fili yake. Fayilolin Unreal irin su uasset ba a iya haɗa gyaran mutum biyu a cikinsu, dole ɗaya ya kulle fayil har ya gama, kuma Perforce an gina shi a kan wannan ɗabi'a. Kyauta ne har mutum 5 da wuraren aiki 20 (wurin aiki shi ne kwafin aikin a kan kwamfutar mutum). A nan ne na fi son mai saye ya natsu, domin kyautar manhajar ce kawai. Sabar, da ajiyar kariya, da tsaron ƙofa duk a wuyanka suke.

Sai dai ina yaba masa abu ɗaya: saƙonninsa suna faɗin gaskiyar abin da ya faru. “Connect to server failed, check $P4PORT” maganar hanya ce, ka duba adireshi, da ƙofa ta 1666, da ko ka manta rubuta ssl: a gaba. Saƙon da ke ambaton P4PASSWD maganar shaida ce, kuma galibi tikitin shiga ne ya ƙare, domin a tsarin asali awa 12 yake yi, p4 login ya warware ta. Wanda ya ambaci p4 protect kuwa izini ne, babu abin da za ka iya daga kujerarka sai mai kula da sabar ya taɓa teburin izini. A teburin nan layin ƙasa yana rinjayar na sama, don haka layin hani guda da aka ajiye ba a muhallinsa ba zai iya rufe wa mutum uku ƙofa. Ana kuma iya ɗaure izini da adireshin IP, abin da ba na ba mai aiki da datar waya shawarar yi, tunda adireshinsa sauyawa yake kullum. Idan aka sake girka sabar, shaidar tsaronta na iya sauyawa, kowa sai ya sake umarnin p4 trust domin amincewa da sabuwar. Duk waɗannan masu sauƙi ne ga wanda ya sani. Tambayar ita ce, akwai irin wannan mutum a cikinku, kuma yana ɗaga waya?

Unity Version Control shi ne tsohon Plastic SCM na kamfanin Codice da ke Sifen, wanda Unity ta saya a 2020. Yana kulle fayil kamar Perforce, yana da Gluon, sassauƙar fuska ga masu zane da ba ruwansu da raba aiki reshe-reshe da sake haɗa shi, kuma a tsarinsa na intanet kamfanin ne ke riƙe da sabar. Wannan ya kawar da rabin matsalolin hanya. Abin da ya rage na asusu ne: ka shiga da Unity ID ɗin da ba shi aka gayyata ba, ko an sa ka a ƙungiya amma ba a ba ka izinin rumbun ba. A da yana ba da mutum 3 da gigabait 5 kyauta, amma irin waɗannan sharuɗɗa kamfanoni na sauya su, ka karanta na ranar da za ka yi rajista. Ka kuma tabbatar katin da za ka sa yana biyan dala kowane wata, kada kuɗi ya zama shi ne makullin da ya ɓace.

Subversion, wanda ya fito a 2000, yana nan da ransa, kyauta ne, yana kulle fayil, Unreal na magana da shi. In kun riga kun saba da shi, ku riƙe. In sabon farawa ne, ban ga dalilin zaɓensa ba.

Akwai shawara ta biyu da ta fi ta farko nauyi ga mu da ke aiki da datar waya da wutar da ba ta da tabbas: ina sabar za ta zauna? Na taɓa girka ta a tsohuwar kwamfuta a ɗakina, a kan rawuta, wato na'urar raba intanet, ta wani kamfanin sadarwa. A cikin gida komai lafiya, abokin aikina da ke wani gari kuwa sai 10060 yake gani. Kwana biyu muka yi muna buɗe ƙofofi a rawuta kafin mu gane kamfanin yana haɗa dubban masu amfani ne a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT, don haka babu yadda za a yi na waje ya ƙwanƙwasa mana kai tsaye. Mafita biyu ce. Ko a haɗa kwamfutocin da hanyar sirri ta VPN irin Tailscale, ZeroTier ko WireGuard, ko a yi hayar ƙaramar saba a intanet. Na farko ba ya cin kuɗi sosai amma in aka ɗauke wuta a gidanka an ɗauke wa kowa. Ni na koma haya, kuma ita nake ba duk ƙungiyar da ba a gari ɗaya take ba shawara.

Akwai kuma hanin da babu manhajar da za ka saya ta magance shi, domin daga Windows yake. Aikin da aka ajiye a cikin Program Files, ko a foldar da OneDrive ke kwafewa zuwa intanet, ko wadda kariyar foldoji ta Windows Security ke gadi, zai riƙa cewa an hana shiga ko da sabar lafiyarta ƙalau. Ka ajiye aikin a gajeriyar hanya tasa shi kaɗai, misali a D:\Ayyuka.

Da ni ne ke zaɓa yau, ƙungiyar Godot ko ƙaramin wasa mai yawan kod Git zan ba ta. Ƙungiyar Unity mai masu zane kuma babu mai son kula da saba, Unity Version Control. Ƙungiyar Unreal mai manyan fayiloli, Perforce a sabar haya, da sharaɗin mutum biyu ne ke da ikon shugaba, ba ɗaya ba. Kafin ka biya ko sisi, ka yi gwajin mako guda da wanda ya fi kowa nisa da raunin netwok a cikinku: ya sauke aikin gaba ɗaya, ya kulle fayil, ya tura gyara. Sannan ka cire masa izini da gangan, ka sa ya karanto maka saƙon da ya fito, ka duba agogo ka ga minti nawa za ku ɗauka kafin ya koma ciki.