Mai fulawa, ai da ka ce min kariya na da dafi

Wajen ƙarshen Oktoba na je gun wani mai fulawa a bakin titin Jos, nan Bauchi, na ce masa ina son waɗanda za su yi fure da hunturu, in riƙa yanka ina jerawa a kwalba a falo. Yaron akwai fara'a, har mota ya kai min tukwanen. Ya haɗa min bogenbiliya da moda da kariya, yana nuna kariyar yana cewa, "Hajiya, wannan ko kin manta ba ki ba ta ruwa ba, sai ta yi fure."

A nan kam bai yi ƙarya ba. Iska na fara kaɗawa a Nuwamba kariyar ta zubar da ganye, furanni masu ja-ja a baki suka rufe rassan. Maƙwabta har leƙowa suke.

Ranar da na yanki reshe, wani ruwa mai danƙo ya tsatso. Auta ta dangwala da yatsa, tana shirin kaiwa baki, Allah ya sa surukata na kusa ta fizge hannun tana salati. Ita ta ce min da ruwan kariya ake haɗa dafin kibiya, masunta ma na kashe kifi da shi. Muka wanke yarinya da sabulu, jikina na rawa. Da na koma wajen mai fulawar, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai Hajiya kowa ya sani." Kowa wa? Gidan da ke da yara za ka sayar wa abu irin wannan, ka yi gum?

Don moda kaɗai da sai in ce ku je wajensa. Ganyenta na sa a ruwa ya yi makonni bai yi yaushi ba, har saiwa ya fitar, ƙurar hunturu kuwa tsumma ke gogewa. Farashinsa ma da sauƙi.

To amma bogenbiliyar da ya rantse za ta yi mako a kwalba, kwana ɗaya ta yi ta sunkuya, furen na zuba a kafet ina ta shara. A jikin katanga kawai take da kyau. Rassan zoɓo da aka kawo min daga gona kyauta sun fi ta riƙe ja, ko sun bushe.

Kariyar na sa an ɗora ta kan katanga inda hannun yara ba ya kai. Shi kuwa ko haƙuri bai ba ni ba har yau, don haka takin da zan saya ma wani wuri zan nema.