Fankar rufi mai sola: tana aiki, amma sai da na sha haushi

Na sa fankar nan mai sola a saman kwanon gidana ne don ta riƙa zuƙe zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin. Kafin nan na taɓa leƙa wurin da tsakar rana da ma'aunin zafi a hannu, ya haura digiri 60. Ko minti biyu ban yi ba na sauko, riga sharkaf.

Sati biyun farko ban ga komai ba. Fanka na ta juyi, ɗaki na nan kamar tanda, esin ɗakin kwana kuma ya daina hutawa. Ran nan na hau kujera zan canza ƙwan fitila, sai na ji iska tana bi ta yatsuna tana shigewa sama ta gefen ramin fitilar. Na yago 'yar takarda na kara a wurin, caraf ta manne. Ashe sanyin da nake biya wa kuɗin wuta shi fankar take kwashewa tana watsarwa waje! Rufin a toshe yake ta ko'ina, babu inda iskar waje za ta shigo ta maye gurbin mai zafin, dole fankar ta jawo ta cikin ɗaki. Wanda ya ɗaura min bai ce uffan ba a kan wannan. Da na kira shi, wai ai fanka aka ce ya sa, kuma ya sa.

Sai da na samo wani kafinta ya huda ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi, ya toshe gefen fitilun, ya kafa raga saboda jemagu da tsuntsaye. Daga nan kam gaskiya an samu sauƙi, silin ya daina ƙona hannu, har na fara tallarta ga abokai.

To amma rana na faɗuwa take tsayawa cak tunda ba ta da batir, alhali a lokacin ne bango yake amayo zafin da ya sha. Sannan ruwan farko da aka yi ta yi yoyo, wanda ya ɗaura min ita bai liƙe gindinta da kyau ba. An gyara, amma tabon yana nan a silin, daidai saitin gadona, kullum na kwanta sai mun haɗa ido.