Murɗin Bututu da Zaɓen Harsashi: Abin Dubawa Kafin Sayen Bindigar Kare Gona a Bauchi

Mafi yawan maharban ƙauyukan Bauchi, daga Toro har Alkaleri, bindigar toka suke riƙewa, ko mai baki ɗaya ko biyu da ake sa wa harsashi mai warwatsuwa. Cikin bututun waɗannan sumul yake, don haka wannan magana ba ta shafe su ba. Ta mai neman bindigar farauta ce mai tsagi a ciki, wadda ke fitar da ƙwaya ɗaya tak, saboda kuregen da ke tone gyaɗa, ko gyazbin da ke sassabe shinkafa a fadama, ko dilan da ya saba ɗauke 'yan awaki.

Sai an gama da takarda ake zuwa ga ƙarfe. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Ta toka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Ta farauta mai tsagi da ta iska, sai Sufeto Janar. Masu faɗin baki irin na soja kuwa, wato milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303, haramtattu ne in ba da izinin Shugaban Ƙasa ba. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka hedikwatar 'yan sanda ce zangon farko. Yankari kuma, da lasisi ko babu, ba wurin farauta ba ne.

To, in ka tabbatar babu harsashi a ciki ka leƙa bututun ta wajen haske, za ka ga layuka sun murɗe tun daga gindi har baki. Su ke kama ƙwayar su murza ta, ta fita tana juyi. Kamar katantanwa ce: muddin tana juyawa da ƙarfi tana tsaye cak, da juyin ya yi sanyi sai ta fara layi. Masu ƙera bindiga suna rubuta tsananin murɗin da lamba, wani lokaci a jikin bututun. 1:12 na nufin ƙwayar tana cika juyi ɗaya cikin inci 12, 1:8 kuma cikin inci 8. Wato ƙaramar lamba ita ce murɗi mai tsanani.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne tsawon ƙwaya. Doguwar ƙwaya tana neman murɗi mai tsanani, gajera kuma mai sassauci ya ishe ta. A jikin kwali nauyi ake rubutawa, da ma'aunin giren (giren 55 bai wuce giram 3.6 ba), shi ya sa kowa ke maganar nauyi. Yawanci hakan ba ya ɓata lissafi, tunda in faɗi ɗaya ne, mai nauyi ita ce doguwa. Inda ake faɗawa rami shi ne ƙwayar da aka yi da jan ƙarfe zalla babu dalma. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka giren 55 ɗinsa ya fi giren 55 na dalma tsawo, kuma bututun da ya riƙe wannan yana iya kasa riƙe wancan. Haka mai siririn tsini da tsukakken gindi ta fi mai dunƙulallen kai tsawo ko da nauyinsu ɗaya.

Wani malamin lissafi a Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1879, kuma har yau tana aiki in kintace ake so. A ninka faɗin ƙwaya da kansa, a ninka da 150 (ko 180 in harsashin mai tsananin gudu ne), a raba da tsawonta, duk da inci, abin da ya fito shi ne lambar murɗin da take nema. Ƙwaya mai faɗin .224 da tsawon inci 0.75, da 180, za ta ba ka wajen 12. In tsawon ya kai inci 1, lambar ta sauko wajen 9, masu ƙera irin wannan ƙwaya ma 8 suke ba da shawara. Bambancin rubu'in inci kaɗai, amma ya canza bututun da za ka saya.

A zaɓuɓɓukan da ke gaban mutum, waɗanda ake kira da sunan harsashin da suke ci, .22 LR ce mafi sauƙin sha'ani. Murɗinta 1:16, ƙwayarta yawanci giren 40 na dalma, kusan duk harsashin da aka yi mata yana zama a wannan murɗi. Ga kurege, zomo da gyazbi a tazarar mita 50 zuwa 70, ni ban ga abin da ya fi ta ba. .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002 tana da murɗi 1:9 da 'yar ƙwaya giren 17 mai gudun ƙafa 2,550 a sakan. Ta fi kai wa nesa a miƙe, ita ma babu ciwon kan zaɓe.

Ciwon kan yana wajen .223 Remington, domin ita ce ake ƙerawa da murɗi iri-iri, suna ɗaya amma hali daban. Mai 1:12 tana jin daɗin giren 40 zuwa 55, wani lokaci har 60 in ƙwayar mai shafaffen gindi ce. Mai 1:9 tana ɗaukar har wajen giren 69. Mai 1:8 tana kai wa 77, ko 80. Dillali zai nuna maka 1:8 ya ce tana cin kowane harsashi, kuma bai yi ƙarya ba sosai. Doguwar ƙwaya ta fi jure iska, abin da duk wanda ya tsaya a fili lokacin hunturu zai yaba. Sai dai a tambayi kai wa aka yi wa wannan. A makiyayun yammacin Amurka ana harbin wasu 'yan dabbobi dangin kurege daga mita 300 ko fiye, a fili fetal da ba kowa. Gonar gyaɗa a Ganjuwa ko fadamar shinkafa a Gadar Maiwa ba haka take ba. Bayan kunyar nan akwai mai ciyawa, akwai yaro da shanu, akwai hanyar rafi. Ƙwaya mai nauyi ta fi riƙe ƙarfinta a nesa, kuma wannan falalar tata ita ce illarta a wurinmu. Ga wani abu kuma: harsashin .223 a ido ɗaya yake da 5.56 na soja, a shingen bincike kuwa ba kowa zai tsaya jin bayani ba.

Murɗi yana iya yin yawa. Lissafin juyi a minti shi ne gudu a ninka da 720, a raba da lambar murɗi. Ƙwaya mai gudun ƙafa 3,200 a sakan cikin 1:12 tana juyi 192,000 a minti, cikin 1:8 kuma 288,000. Ɗauki .22-250, wadda aka saba ƙerawa da 1:14 don ƙananan ƙwayoyi: giren 40 ɗinta yana kai ƙafa 4,000 a sakan, in aka sa shi a 1:8 juyin ya zama 360,000. Ƙwaya mai siririyar riga tana iya tarwatsewa a iska kafin ta isa, sai dai a ga ɗan toka-toka ya tashi a tsakiyar hanya.

Kamfani ma ya taɓa yin asara a kan wannan. A 1955 Remington ya fitar da .244 da murɗi 1:12, Winchester ya fitar da .243 da 1:10. Ta Winchester tana riƙe giren 100 mai tsini, wadda ake so don manyan dabbobi, ta Remington kuwa ana kukan ba ta riƙewa. Kasuwa ta koma wajen .243, har Remington ya tsananta murɗin zuwa 1:9, a 1963 kuma ya sake mata suna 6mm Remington. Ga gyazbi dai .243 ta yi yawa ƙwarai.

Akwai abu biyu da ke karo da juna a ƙasarmu, kuma dole mai saye ya zaɓa. Ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu an yi su ne su fashe da zarar sun taɓa abu. A ƙasa mai duwatsu irin ta Dass da Toro wannan alheri ne, domin ba su cika yin tsalle su canza hanya ba, alhali dalmar .22 LR ta shahara da tsalle in ta bugi dutse ko ruwa, kuma tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Amma mu muna cin zomo da gyazbi, ana bismillah a harba, in an tarar da rai a yanka. Ƙwayar da ke fashewa ba ta barin abin sa wa a tukunya. Mai son nama ya tsaya a .22 LR, ya riƙa harbi inda tudu ko gaɓar ƙasa ke bayan dabbar. Wanda dila ya dama, kuma tazararsa ta kai mita 150 ko 200, .223 mai 1:12 ko 1:9 da giren 50 zuwa 55 ta wadatar. Zafinmu ma yana taimakawa, tunda iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, ƙwaya ta fi samun natsuwa a cikinta.

In bindigar ta hannu ce, lambar ta goge ko babu ita, ana iya aunawa. A ɗaura ƙyalle mai ɗan mai a sandar goge bututu ya kama tam, a manna 'yar takarda kusa da mariƙin kamar tuta, a yi alama a jikin sandar daidai inda ta shiga. A tura a hankali har tutar ta zagayo ta koma inda ta faro, a sake alama. Tazarar alamun biyu da inci ita ce murɗin. Daga nan a sayi kwali ɗaya kawai na harsashin da ake so a wajen dillali mai rajista, a kafa kwali a mita 50 da tudu a bayansa. Huda zagayayya tsaf na nufin ƙwayar ta zauna. In hudar ta yi tsawo, ko ta fito da siffar ƙwayar a kwance, to ta yi wa bututun tsawo, sai a sauko zuwa gajera.