Shebin da ya riƙe kabad ɗin uwargida

Ina tsakar gida ina alwalar la'asar na ji ƙarar kwanuka daga ɗaki, sai kuma salatin uwargida. Da na faɗa ciki na tarar ta tokare kabad da kafaɗa, autanmu ɗan shekara biyu da rabi yana tsaye a kan durowar ƙasa da ya janyo, yana miƙa hannu wajen kwalbar alewa. Farantan tangaran uku suka fashe, Allah ya taƙaita abin a nan.

Kabad ɗin na jere ne, tun na aure. Tsayinsa ya kusa mita biyu, amma daga bango zuwa gabansa bai wuce taƙi biyu ba, ga ƙofofin gilashi da suka sa nauyinsa ya rinjaya gaba. Daɓen ɗakin kuma ya ɗan gangaro wajen ƙofa, kamar yadda za ka gani a gidajen haya da yawa a Yelwa nan Garwa. Shekara shida yana tsaye, ban taɓa kawo wa raina cewa zai iya kifewa ba. Ashe abin ya daɗe yana cin yara a wasu ƙasashe. A 2016 kamfanin IKEA mai yin kayan ɗaki ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan da wasu suka kife kan ƙananan yara suka kashe su, kuma maganin da aka yi ta nanatawa shi ne a ɗaure kayan da bango.

Washegari na kira yaron kafinta. Ya zo da kusar siminti da guduma. Ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ma haka, ta uku ta ɓalle filasta kamar faɗin tafin hannu. Daga nan ya fere guntun katako ya dunƙa a ramin, dabarar da iyayenmu suka saba da ita, ya buga kusa a ciki. Da na ja da hannu ɗaya sai katakon ya biyo ni da yashinsa. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka koya masa ya yi.

Sai na nufi shagunan kayan gini da ke kusa da babbar kasuwa, neman ɗan robar nan da ake cusawa a bango kafin a ɗaura sukuru. Mu a nan shebi muke ce masa, daga Faransanci, 'yan uwanmu na Najeriya kuwa fisha suke cewa, daga sunan Artur Fischer, Bajamushen da ya fito da na roba a 1958. Shagon farko ko tambaya ba a yi mini ba, aka damƙo mini wasu shuɗaye daga cikin buhu kamar mai auna gyaɗa. Araha kam akwai. Robarsu sirara ce, idan ka matsa da yatsa sai ta yi fari ta tsage. Biyu na gwada: ɗaya ya yi ta juyawa tare da sukurun a cikin rami, ɗayan ya shige ciki gaba ɗaya, na ji faɗuwarsa a cikin bango.

Wani dattijo mai shago ne ya gyara mini tunani. Ina fara tambayar kuɗi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar maganar kuɗi tukuna. Da ka huda bangon, wace irin ƙura ta fito?" Na yi shiru, don ban lura ba. Ya ce idan toka-toka ce mai yashi, bulo ne. Idan ja ce, gasasshen tubali. Idan ƙasa ce zalla, to laka ce aka yi wa rigar siminti. Idan kuma kana hudawa ka ji injin ya zarce ba tare da ya ci komai ba, ka faɗa ramin bulo. Sai na tuna, nawa toka-toka ce, kuma ya zarce. Bulo ne na santimita 15 mai rami, wanda aka fi gini da shi a garin nan.

A nan matsalar take. Fatar irin wannan bulo kaurinta bai fi na yatsa ɗaya da rabi ba, bayanta iska ce. Ga shi kuma wasu masu buga bulo suna tsuke siminti su cika yashi, duk da masana'antar siminti tana nan Figil kan hanyar Marwa, ba wata uwa duniya ba. Shebi na yau da kullum buɗewa yake yi ya matse gefen rami, to idan gefen yashi ne mai zuba, me zai matsa? Dattijon ya ɗauko mini kwalin Fischer DuoPower, mai launin toka da ja. Shi wannan idan ya samu bango cikakke sai ya buɗe kamar sauran, idan kuwa ya faɗa rami sai ya dunƙule a bayan fatar bulon ya zama kamar ƙulli. Ya nuna mini a kan guntun bulo da ya ajiye a ƙarƙashin kanta don masu gardama irina, na leƙa ta ramin na ga ƙullin da idona.

Na so in ɗauki mai kaurin milimita 8 da tsayin 40, don ya fi sauƙi. Ya hana ni, kuma yanzu na gane dalili. Filastar ɗakinmu kaɗai ta kai santimita biyu, ita kuwa filasta ba ta riƙe komai. Da na ɗauki gajeren, rabinsa a filasta zai ƙare, ba zai kai ramin da zai dunƙule ba. Mai tsayin 65 na saya, da sukuru masu kaurin milimita 5 da tsayin 80, don ƙa'idar ita ce sukuru ya ratsa shebin har ya ɗan leƙo ta ƙarshensa. Na haɗa da ƙarafa biyu masu kusurwa da ƙarfen huda lamba 8. Lambar ƙarfen huda dole ta zo daidai da ta shebi. Kuskuren da na yi da shuɗayen nan har da wannan, don da lamba 10 na huda, ita na samu a hannun maƙwabci.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba, ban da jiran wuta da muka yi har bayan magariba. Injin hudan na maƙwabci ne, yana da maɓallin da ke sa shi dukan bango kamar guduma. Dattijon ya ja mini kunne in kashe shi, don dukan yana farfasa fatar bulo ta ciki, rami ya buɗe fiye da kima. Na kauce wa layin da ke saman soket, inda wayar wuta ta saba bi, na kuma kauce wa haɗin bulo da bulo. Ƙurar ramin da famfon keken yara na hure ta. Shebin ya shiga da ɗan bugu kaɗan, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai juya ba. Kana ɗaurawa za ka ji sukurun yana ƙara tauri a hankali, har ya kai inda hannu da kansa zai gaya maka ya isa.

Saura ƙiris in ɓata aikin ta wajen kabad ɗin. Bayansa filawud ne siriri, da ƙananan kusoshi aka manna shi, kuma a nan na fara sa alama. Uwargida ce ta ƙwanƙwasa shi ta ce, "Malam, wannan ai ko ni na ja zai ɓalle." Gaskiyarta. Muka mayar da ƙarafan can sama, a jikin katako mai kauri. Da na gama na buɗe duk durowoyin, na kama saman kabad ɗin na ja da iya ƙarfina. Kwanuka sun yi ƙara, kabad bai motsa ba. Yau wata takwas ke nan, an sha zafin bazara an sha damina, na duba sukurun sau biyu ban samu wanda ya saki ba.

Kuɗinsa dai ya ninka na buhu sau da yawa, kuma kwali ake sayarwa, alhali guda biyu nake bukata. Na kuma ga masu kama da shi a kasuwa, toka da ja, amma babu suna a jikinsu, saboda haka mai saye ya duba da kyau. Sannan ba kowane bango ne nasa ba. Madafinmu tsohon gini ne, da na huda don kafa kantar tukwane sai ƙasa ta zubo, ban ma ɓata shebi a wurin ba. Dogon ƙarfe mai zare muka ratsa bangon da shi, muka tare ta waje da guntun katako da washa da noti. Ba kyan gani, amma tukwane suna zaune lafiya.

Talabijin kuwa, da yake hannun da ke riƙe ta yana miƙewa gaba yana jan bango, dattijon ya ce in yi amfani da gam ɗin nan mai haɗi biyu da ake matsawa cikin 'yar ragar roba a ramin bulo, sannan a cusa ƙarfe mai zare. Yana riƙo ƙwarai, sai dai zafi yana sa shi saurin daskarewa, ni kuma a watan Afrilu na yi aikin, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40. Na matsa a rami na farko ke nan maƙwabci ya yi sallama. Kafin mu gama ina gajiya, ina iyali, ina zafi, gam ya sandare a bakin bututun, sai da na koma kasuwa na sayo wani bakin.

Mai gidan da muke haya ya zo karɓar kuɗin wata ya ga ramukan, har da wurin da filasta ta ɓalle. Ya ce, "Malam, so kake ka mayar mini da gida rariya?" Na nuna masa auta, na ba shi labarin faranti uku, na yi alkawarin toshe komai da siminti ranar da za mu tashi. Ya yi shiru, ya je ya girgiza kabad ɗin da kansa, sannan ya tambaye ni ko akwai ragowar shebin, wai akwai wata wadirob a ɗakin jikokinsa. Na ƙirga masa huɗu, da sukurunsu.